Daga Wasan Karta Zuwa Excel: Yadda Aka Koyi Auna Yiwuwar Nasarar Aiki

Duk wurin da ake aiki da tsari, masana'anta ce ko asibiti ko banki, ba a rasa mai kawo shawarar gyara. Wannan ya ce a sayi sabon inji don a rage ɓarnar kaya, wancan ya ce a sake fasalin layin karɓar magani don a rage jira. Kowace shawara tana cin kuɗi da lokaci, kuma ba kowace ce take biyan buƙata ba. Shi ya sa kafin a saki kuɗi shugabanni suke tambaya: wannan aikin, wane tabbaci ake da shi cewa zai yi nasara?

A yau amsar takan zo ne a cikin jadawalin kwamfuta, wato Excel ko Google Sheets da ire-irensu, shafi mai gurabe a jere inda kake zuba lambobi ita kuma kwamfuta ta yi maka lissafi. Can ƙasa sai ka ga an rubuta: yiwuwar nasara, kashi 70 cikin 100. Lambar tana da kwarjini, da wuya wani ya yi mata musu a taro. Amma fa ba duk kashi 70 ne ɗaya ba. Akwai wanda aka samo ta hanyar lissafin da masu binciken makaman nukiliya suka ƙirƙiro a 1946, akwai kuma wanda ra'ayin mutum uku ne aka tara aka manna masa alamar kashi. Idan ka san tarihin da ya haifi wannan gurbin za ka iya bambance su, kuma za ka iya gina naka jadawalin cikin rabin awa.

Sai da aka fara auna hawa da sauka

Bari mu fara daga ranar 16 ga Mayu, 1924. A ranar ne Walter Shewhart, masanin fiziya da ke aiki da kamfanin Western Electric mai ƙera kayan wayar tarho a Amurka, ya miƙa wa maigidansa 'yar takarda mai shafi ɗaya, ɗauke da wani zane. Zanen yana da layi a tsakiya da ke nuna matsakaicin abin da ake aunawa, da layi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a matsayin iyaka.

Abin da Shewhart ya lura da shi mai sauƙi ne. Ɗauki injin da ke cika buhu mai kilo 50. Wannan buhun zai zo da kilo 49.8, na gaba 50.3, na bayansa 50.1. Babu wanda ya yi laifi, haka kowane aiki yake da hawa da sauka na ɗabi'a. Matuƙar awon yana yawo tsakanin iyakokin nan biyu, to a bar injin ya yi aikinsa. Sai ya tsallake iyaka ne za a tashi neman abin da ya lalace. Shewhart ya sa iyakokin a nisan sigma uku daga matsakaici, sigma kuwa shi ne ma'aunin yadda lambobi suke warwatsuwa daga matsakaicinsu. Riƙe wannan kalmar, za mu sake haɗuwa da ita.

Ka ga darasin farko kenan ga duk mai da'awar ya gyara aiki: idan ɓarna ta sauka a wannan watan, mai yiwuwa gyaran ne, mai yiwuwa kuma hawa da sauka ne na yau da kullum. W. Edwards Deming ne ya kai wannan tunani Japan a 1950, inda ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanoni, har aka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Sai dai zanen Shewhart yana duba abin da ya riga ya faru ne. Tambayar abin da zai faru gobe tana jiran wani mutum daban.

Majinyaci da kartarsa

A 1946 Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Poland da ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos, yana murmurewa daga wata rashin lafiya mai tsanani. Yana ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya, mai kati 52, sai ya tambayi kansa: cikin wasa nawa ne mutum zai ci? Ya gwada lissafa dukkan yadda katunan za su iya jeruwa, ya ga abin ya fi ƙarfin alƙalami. Sai wata dabara ta faɗo masa: me zai hana a buga wasan sau 100 kawai a ƙirga sau nawa aka ci? Idan an ci sau 15, to yiwuwar ci tana wajajen kashi 15 cikin 100. Da yawan bugawa, da ƙarin kusantar gaskiya.

Nan take ya gane cewa haka za a iya yi wa matsalar da ke damun su a Los Alamos, wato yadda ƙwayoyin niyutiron suke yawo a cikin sinadarin nukiliya, suna karo, suna tarwatsewa ko su ɓace. Maimakon a warware lissafin gaba ɗaya, a bi ƙwaya ɗaya, a jefa ƙuri'a a kowane karo don a ga ina za ta nufa, a maimaita sau dubbai, a ƙirga. Ya faɗa wa John von Neumann, wanda ya tsara yadda kwamfuta za ta yi aikin. A 1948 aka gudanar da lissafin farko a kan ENIAC, kwamfutar da ta cika ɗaki guda da kwalaben lantarki kusan 18,000. Klara Dan von Neumann ce ta rubuta umarnin da kwamfutar ta bi. Nicholas Metropolis ne ya raɗa wa dabarar suna Monte Carlo, sunan shahararren wurin caca na Monako, saboda wani kawun Ulam da ya saba cin bashi don zuwa can. A 1949 shi da Ulam suka wallafa bayanin dabarar a fili.

Dabarar tana cin lambobin ƙuri'a da yawa, wato lambobin da babu mai iya faɗin wacce za ta fito a gaba. Samun su ya yi wuya a lokacin, har ta kai cibiyar RAND ta buga littafi guda a 1955 wanda kusan babu komai a cikinsa sai lambobin ƙuri'a miliyan ɗaya. Yau kana rubuta =RAND() a gurbi ɗaya ka samu naka kyauta. Sunan dai ya zo ɗaya ne kawai, ba daga cibiyar aka samo shi ba.

Lamba uku maimakon ɗaya

Shigowar wannan tunani cikin tafiyar da ayyuka ta biyo ta hannun sojojin ruwan Amurka. A ƙarshen shekarun 1950 suna gaggawar ƙera Polaris, makami mai linzami da ake harbawa daga jirgin ƙarƙashin teku. Ba a taɓa yin irinsa ba, 'yan kwangila kuma sun kai dubbai, don haka babu mai iya cewa ga ranar da kowane ɓangare zai kammala. A 1958 ofishin aikin, tare da kamfanonin Booz Allen Hamilton da Lockheed, suka fito da tsarin da ake kira PERT.

Sabon abin da PERT ya kawo shi ne a daina tambayar injiniya lamba ɗaya. A tambaye shi uku: idan komai ya tafi daidai mako nawa, a bisa al'ada mako nawa, idan abubuwa suka cakuɗe mako nawa. Sai a haɗa ta farko, da ta biyu sau huɗu, da ta uku, a raba da shida. A ce ya ba ka 4 da 6 da 14. Lissafin zai zama 4 da 24 da 14, jimla 42, a raba da shida, mako 7. Lura cewa amsar ta haura 6 ɗin da shi ya fi tsammani, domin hanyoyin da aiki zai iya jinkirta sun fi hanyoyin da zai iya saurin kammala yawa.

An harba Polaris daga jirgin ƙarƙashin teku karon farko a ranar 20 ga Yuli, 1960, PERT kuma ya yi suna. Amma akwai rami a cikinsa. PERT yana bin jerin ayyukan da ya fi tsawo ne kaɗai, ya kau da kai daga sauran da ke tafiya a gefe. Duba wannan: kana da ayyuka huɗu da ake yi lokaci guda, dole duka su kammala kafin a ci gaba, kowanne kuma yana da kashi 50 na gamawa cikin mako shida. Mutum zai ce to ai gaba ɗaya ma kashi 50 ne. Ina! Rabi sau rabi sau rabi sau rabi, ɗaya cikin 16 kenan, kashi 6 da 'yan kai. Ana jiran wanda ya fi kowa jinkiri ne, ba matsakaicinsu ba. A 1963 Richard Van Slyke ya nuna cewa maganin wannan shi ne dabarar Ulam: a jefa wa kowane aiki ƙuri'ar tsawon lokacinsa, a ga yaushe duka suka ƙare, a maimaita sau dubbai.

Akwai wani darasin kuma da masanin siyasa Harvey Sapolsky ya fito da shi a binciken da ya wallafa a 1972 kan aikin Polaris. Ya nuna cewa babban amfanin da PERT ya yi wa ofishin shi ne kare shi daga katsalandan: zane-zane da alƙaluman kwamfuta sun gamsar da 'yan majalisa da manyan jami'ai cewa komai na hannu, suka sakar masa mara. Wato tun daga farko lambar yiwuwa tana da aiki biyu, auna haɗari da kuma rufe bakin masu tambaya. Har gobe haka abin yake.

Lissafin ya sauko kan teburin kowa

A 1964 David Hertz na kamfanin ba da shawara na McKinsey ya rubuta maƙala a mujallar Harvard Business Review, ya kai dabarar Monte Carlo ga masu zuba jari. Ya yi misali da kamfanin sinadarai mai son faɗaɗa masana'antarsa. Ya ware abubuwa tara da babu tabbas a kansu, kamar girman kasuwa, farashin sayarwa, kuɗin gudanarwa da tsawon rayuwar injina, ya ba kowanne tazara maimakon lamba ɗaya. Ribar da ta fito ta gaza wadda lissafin lamba ɗaya ya nuna nesa ba kusa ba. Maƙalar ta yi tasiri, sai dai aiki da ita na buƙatar babbar kwamfutar kamfani, da masu rubuta mata umarni, da jiran kwanaki. Manajan ƙaramar masana'anta ba shi da wannan gatan.

A 1978 Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a Harvard, yana kallon yadda lamba ɗaya idan ta canja a lissafin allo sai an goge an sake duk abin da ya rataya a kanta. Shi da Bob Frankston suka rubuta VisiCalc, wadda ta fito kasuwa a Oktoban 1979 don kwamfutar Apple II. Tana da ginshiƙi 63 da layi 254. Ka canja lamba ɗaya, sauran su gyara kansu a gabanka. Mutane suka riƙa sayen kwamfutar don kawai su samu manhajar. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983 a kan kwamfutar IBM, sai Excel a 1985 a kan Macintosh, da 1987 a kan Windows. A 1987 ɗin kamfanin Palisade ya fitar da @RISK, manhajar da ake ɗorawa kan Lotus don yin Monte Carlo kai tsaye, Crystal Ball ma ta fito a wannan zamanin. Abin da ya buƙaci ENIAC da manyan masana lissafi na duniya ya zama aikin akawu da rana tsaka.

To amma jadawali ya zo da nasa halin. Gurbi lamba ɗaya yake karɓa, don haka yawancin masu amfani da shi suka koma gidan jiya: a zuba matsakaicin farashi, matsakaicin lokaci, matsakaicin riba, a karanta amsa ɗaya a ƙasa. Sam Savage na jami'ar Stanford ya rubuta littafi guda a 2009 kan wannan aibin, cewa shirin da aka gina kan matsakaitan lambobi yakan ba da amsar da ta kauce. Misalin ayyuka huɗun nan na sama shi ne hujjar a taƙaice.

Maki ba yiwuwa ba ne

A daidai lokacin da jadawali ke yaɗuwa, gyaran tsarin aiki shi ma ya zama sana'a mai zaman kanta. A 1986 injiniya Bill Smith na kamfanin Motorola ya gabatar da Six Sigma. Ga sigmar Shewhart ta dawo: burin shi ne a matse hawa da sauka har kuskure ya koma 3.4 cikin miliyan ɗaya. Bayan Jack Welch ya rungumi tsarin a General Electric a 1995, manyan kamfanoni suka bi sahu. Kowane aiki yana bin matakai biyar: a fayyace matsala, a auna, a binciko sanadi, a gyara, a tsare gyaran kada a koma ruwa.

Kamfani ɗaya zai iya samun shawarwarin gyara ɗari a shekara, ƙwararrun da za su jagorance su kuwa ba su da yawa. Wanne za a fara? Nan aka samu jadawalin maki. A jera tambayoyi: shin shugabanni suna goyon baya, akwai bayanan awo, aikin zai ƙare cikin wata shida, ma'aikata za su karɓa? A ba kowace amsa maki daga 1 zuwa 5, a ninka da nauyin da aka ba tambayar, a tara. Aiki ya samu 78 cikin 100, wani ya rubuta a gefe: yiwuwar nasara kashi 78.

A nan ne ake yin tuntuɓe. Jerin tambayoyin yana da amfani, yana tilasta wa mutane su tattauna abin da da sun tsallake. Amma 78 ɗin ba ya nufin cikin ayyuka 100 irin wannan 78 za su yi nasara. Babu wanda ya ƙirga. Kuma tarawa tana ɓoye abin da zai iya kashe aiki shi kaɗai: idan babu kuɗin sayen injin, makin da aka samu a sauran tambayoyi ba zai sayo shi ba.

An ga irin wannan a wata tsohuwar dabara mai suna FMEA, wadda sojojin Amurka suka rubuta ƙa'idarta a 1949, masu ƙera motoci kuma suka ɗauka daga baya. Ana ba kowace matsala maki uku daga 1 zuwa 10: munin sakamako, yawan aukuwa, wahalar ganowa, sai a ninka su. Matsalar da za ta iya kashe mutum, mai maki 10 da 2 da 3, ta samu 60. Wadda za ta ɓata fenti kawai, mai 3 da 5 da 5, ta samu 75, ta hau gaba a layi. A 2008 Tony Cox ya nuna ta hanyar lissafi cewa teburan haɗari masu launin ja da rawaya da kore suna iya fifita ƙaramin haɗari a kan babba. A 2019 ƙungiyoyin masana'antar motoci na Amurka da Jamus, AIAG da VDA, suka fitar da littafin jagora na haɗin gwiwa, suka ajiye wannan ninkin suka maye gurbinsa da teburin da ke fara duba munin sakamako.

Gwada da hannunka

Gani ya kori ji. Ga misali da lambobin da muka ƙirƙira don koyo kawai. Kamfanin casar shinkafa yana son rage karyayyar shinkafa ta hanyar sayen na'urar busarwa da ma'aunin danshi. Mai shawarar ya ce aikin zai ci naira miliyan 10, zai kuma ceto miliyan 1 duk wata. A shekara miliyan 12 kenan, rarar miliyan 2. An amince cewa nasara ita ce aikin ya mayar da kuɗinsa cikin wata 12. A lissafin lamba ɗaya, nasara ta tabbata.

Yanzu matsa masa ya ba ka tazara. Ya ce kuɗin zai iya kamawa daga miliyan 8 zuwa 12, abin da za a ceto kuma daga 600,000 zuwa 1,400,000 a wata. Buɗe jadawali, ka bar layin farko don sunaye, ka rubuta komai da miliyan:

A gurbin A2, kuɗin aiki: =8+4*RAND()

A gurbin B2, ceton wata: =0.6+0.8*RAND()

A gurbin C2, watannin jinkiri kafin na'ura ta fara aiki: sa 0 tukuna

A gurbin D2, sakamako: =IF(B2*(12-C2)>A2,1,0)

RAND tana ba da lamba tsakanin 0 da 1, don haka A2 zai faɗo ko'ina tsakanin 8 da 12. D2 kuwa yana rubuta 1 idan an mayar da kuɗi, 0 idan ba a mayar ba. Layi ɗaya wasan karta ɗaya ne na Ulam. Kwafi layin har zuwa na 10,001, sannan a wani gurbi ka rubuta =AVERAGE(D2:D10001). Za ka ga wajajen 0.71. Tabbas ɗin nan ya koma kashi 71, alhali ba mu taɓa matsakaicin kuɗi ko na ceto ba.

Sai ka tuna cewa na'ura ba ta fara aiki ranar da aka biya kuɗinta. Jigila, kafawa da koyar da ma'aikata za su iya cin wata 0 zuwa 4. Canja C2 zuwa =4*RAND() ka kwafa ƙasa. Amsar ta sauko wajajen kashi 48. Idan kuma kana ganin akwai kashi 20 na cewa ma'aikata za su watsar da sabuwar hanyar su koma tsohuwa, ƙara ginshiƙi na biyar, =IF(RAND()<0.8,D2,0), ka ɗauki matsakaicinsa. Yanzu kana wajajen kashi 39.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da aikin. Yana nuna maka inda ya kamata ka sa ƙarfi. Jinkiri kaɗai ya cinye sama da maki 20, don haka yarjejeniya mai tsauri da mai kawo na'ura kan ranar kafawa tana da daraja ƙwarai. Danna F9 a Excel ka ga amsar tana ɗan motsi. Da layi 10,000 motsin bai cika wuce maki ɗaya sama ko ƙasa ba, da layi 100 kuwa zai iya kai maki goma. Ka kuma kula cewa mun jefa wa kuɗi da jinkiri ƙuri'a daban-daban, alhali a zahiri tare suke tafiya, jinkiri yakan jawo ƙarin kashe kuɗi. Idan ba ka ɗaure su da juna a fomula ba, jadawalin zai rage maka yawan munanan layukan da komai ya lalace lokaci guda.

Daga ina tazarar ta fito?

Ga tambayar da kwamfuta ba ta amsawa. Wa ya ce kuɗin ba zai wuce miliyan 12 ba? Mai shawarar ne, wanda yake son a amince da aikinsa. Ko da zuciya ɗaya ya faɗa, bincike ya nuna ɗan Adam yana matse tazara fiye da kima. Marc Alpert da Howard Raiffa sun nemi ɗalibai a Harvard su ba da iyakokin da suke da tabbacin kashi 98 cewa amsar gaskiya tana ciki. Kamata ya yi su kuskure sau 2 cikin 100, sai ga shi sun kuskure sama da sau 40. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wata ɗabi'ar mai kama da wannan: mai tsara aiki yakan zura ido kan matakan nasa aikin, ya manta da yadda ayyuka irinsa suka ƙare a baya.

Bent Flyvbjerg, ɗan ƙasar Denmak, da abokan aikinsa sun auna girman abin a 2002. Sun duba manyan ayyukan sufuri 258, suka tarar kusan tara cikin goma sun ci fiye da kuɗin da aka ƙiyasta. Matsakaicin ƙarin ya kai kashi 45 a layin dogo, 34 a gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, 20 a tituna. Maganin da aka bayar shi ne a fara da tarihi: a tara ayyukan baya masu kama da wannan, a ga yadda ƙiyasinsu ya kauce, a gyara sabon ƙiyasi da wannan gwargwado. Ma'aikatar sufurin Birtaniya ta sa hanyar cikin jagorarta a 2004.

Kai ma za ka iya yin haka a ƙaramin mataki, da tsohuwar zuma ake magani. Idan wurin aikinku ya yi ayyukan gyara 20 a shekarun baya, 7 suka mayar da kuɗinsu a kan lokaci, to daga nan za ka fara, ba daga kashi 90 na mai shawara ba. Akwai ƙa'idar da Pierre-Simon Laplace ya bari tun ƙarni na 18 don irin wannan ƙaramin adadi: ƙara 1 a kan nasarori, ƙara 2 a kan jimla. Takwas cikin 22, kashi 36. Daga nan sai ka ɗaga ko ka sauke bisa hujjar da ta keɓanta da sabon aikin. Sharaɗi dai shi ne a ƙirga har da ayyukan da suka mutu shiru babu wanda ya rubuta rahotonsu, a kuma rubuta ma'anar nasara kafin a fara, kada a sauya ta bayan an ga sakamako.

Sannan a riƙa duba baya. Masu hasashen yanayi suna cikin waɗanda ƙiyasinsu ya fi dacewa da abin da ke faruwa, domin kullum gari na wayewa su ga ko an yi ruwan. Tun 1950 Glenn Brier ya fito da hanyar ba su maki a kan haka. Ma'aunin ɗaya ne a wurin aiki: cikin ayyukan da kuka ce suna da kashi 70, kusan bakwai cikin goma ya kamata su yi nasara. Idan uku ne, to jadawalinku na buƙatar gyara kafin injinku.

Gurbi ɗaya ya isa ya ɓata lissafi

Ko tazarar ta yi daidai, fomula tana iya karkacewa. A 2012 wani sashen bankin JPMorgan Chase a Landan ya tafka asarar sama da dala biliyan 6. Rahoton binciken cikin gida da bankin ya fitar a Janairun 2013 ya nuna cewa tsarin auna haɗarin sashen yana tafiya ne a kan jerin shafukan Excel da ake cikawa ta hanyar kwafa da mannawa da hannu. A wani gurbi an raba da jimlar lambobi biyu maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya bayyana ƙasa da yadda yake. Ba wannan kaɗai ya jawo asarar ba, amma ya rage ƙarar ƙararrawar da ya kamata ta farkar da mutane. Don haka ka ba wani ya bi fomulolinka ɗaya bayan ɗaya, ka kuma gwada jadawalin da lambobin da ka riga ka san amsarsu. A misalinmu, sa kuɗin aiki ya zama 0, dole ginshiƙin D ya ba da kashi 100. Idan bai bayar ba, akwai matsala.

Saboda haka duk ranar da aka nuna maka kashi 70 a ƙasan shafi, yi tambaya huɗu. Mece ce nasara a nan, da lamba da kwanan wata? An ƙirga layuka ne ko maki aka tara? Tazarar da aka zuba, daga bakin mai aikin ta fito ko daga tarihin ayyukan baya? Wa ya duba fomulolin ban da wanda ya rubuta su? Idan kuma wurin aikinku ba shi da tarihin da za a duba, buɗe sabon shafi yau mai ginshiƙi biyar: sunan aiki, kuɗin da aka ƙiyasta, kuɗin da aka kashe, ranar da aka yi alkawari, ranar da aka gama. Nan da shekara biyu ko uku, wannan shafin ne zai ba ku tazarar da za ku iya dogara da ita.